Sandar Fatsar Yaya Sale

Ko da zan manta da komai na shekarar da muka rasa Yaya Sale, ba zan taɓa mantawa da ranar da na saɓa sandarsa na tafi kamun kifi ba. Na daɗe ban iya ba da labarin nan ba. Yanzu ina iyawa, amma a hankali.

Ni tela ne a Gumel. Iyakar sanina da ruwa shi ne na randa da na famfo, sai kududdufin bayan gari idan damina ta yi kyau. Yaya Sale kuwa direban babbar mota ne, yana ɗaukar shanu daga kasuwar Maigatari zuwa Legas. Idan ya sauke, yakan yi kwana huɗu ko biyar yana jiran kayan dawowa, kuma a wannan zaman jiran ne ya koyi tsayawa a bakin teku da sandar fatsa. Abokan tuƙinsa a teburin mai shayi suke yini, shi kuma teku ya zaɓa. Duk dawowar da zai yi sai ya shigo wa Inna, mahaifiyarmu, da kifi banda a naɗe cikin takardar siminti, ya ajiye a gabanta ya ce, "Inna, ga na tekunki."

Ciwon kwana tara ne ya ɗauke shi. (Ba zan tsaya a kan wannan ba.) Bayan sadakar bakwai, wani abokin aikinsa ya kawo kayansa da suka rage a mota: bargo, buta, dadduma, da wata doguwar jaka. A cikin jakar akwai sanda biyu, injin naɗe zare biyu, da gwangwanin ƙugiyoyi da dalma. Babu wanda ya san abin da zai yi da su, sai aka miƙo min.

Damuwarmu a lokacin ba kaya ba ce, Inna ce. Ta daina cin abinci. Koko sai ta kurɓa sau biyu ta ture, tuwo kuwa yadda aka kai haka ake ɗaukowa. Ga maganin hawan jini da ba a so ta sha da yunwa. Ta rame har awarwaronta yana gangarowa zuwa gwiwar hannu, likita kuma ya ce idan aka ci gaba a haka kwantar da ita za a yi. Wata rana ina tsakar gida na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa bakinta ba ya karɓar komai, sai dai da za ta samu kifin Sale.

Mai hankali da kasuwa zai wuce ya sayo kifi. Ni kuma a kaina, kifin Sale shi ne wanda sandar Sale ta kamo.

Sai na baje kayan a ɗaki ina ƙoƙarin tuna bayanin da ya taɓa yi min. Ya taɓa kawo su shagona ya shimfiɗa a kan teburin yanka, amma ɗinkin Sallah ya sha min kai, kunne ɗaya na ba shi. Na tuna ya ce doguwar sandar ta bakin teku ce, don ruwan yana tasowa ne ya fashe a gaɓa, kifi kuma a bayan wurin fashewar yake kiwo, dole sai mutum ya yi jifa mai nisa. Babban injin shi ne abokinta, saboda yana ɗaukar zare mai yawa. (Ni kwarkwaro nake ce masa, don aikinsu ɗaya da na keken ɗinki. Ya yi dariya ranar.) Dalmar da ake sa mata mai kusurwa huɗu ce, mai nauyi, don ta nutse cikin yashi kada ruwa ya ja ta. Koto kuwa ɗanyen jatan lande, a ɗaure shi da zare a jikin ƙugiya kada ya fice a iska. Gajeriyar sandar da ƙaramin injin na kwantaccen ruwa ne. Akwai wata magana da ya fara yi kafin duk wannan, amma ta ƙi zuwa min.

Na zaɓi doguwar. Na auna ta da tef, yadi huɗu da ɗoriya. Dalilina na farko shi ne ita ce a hannunsa a duk hotunan da ya turo min a waya. Dalili na biyu, wanda ba na son faɗa, shi ne na ɗauka babbar sanda ita ke kamo babban kifi.

Na je kasuwa wurin wata mata mai sayar da kayan miyar kudu, na tambaye ta ɗanyen jatan lande. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, sannan ta nuna min busasshe, irin wanda ake dakawa a miya. Na sayi gwangwani ɗaya. Da na zo sa shi a ƙugiya sai ya riƙa marmashewa, don haka na ɗauko allura da baƙin zare na ɗinke guda shida a jere na lulluɓe ƙugiyar. Aikin ya yi tsaf, ba yabon kai ba.

Sandar gida uku ce, ana zura wani cikin wani. Na haɗa ta a gida don gwaji, na danna da ƙarfi, sai ta ƙi rabuwa. Haka na saɓa ta a kafaɗa da tsayinta, na hau babur na ratsa gari. Masu adaidaita sahu suna ta kaucewa. Wani ya leƙo ya tambaye ni ko wayar lantarki zan je gyarawa. Na ɗauki hanyar Gagarawa, inda akwai wani tafki kusa da ƙauyen kawunnena.

An gama kaka, ruwan ya ja baya. Faɗinsa bai kai rabin filin ƙwallo ba, kuma a tsakiyarsa akwai ciyawar kacala da ta fi mutum tsayi, ta rufe gaɓar da ke can ƙetare. A ɓangarena mata suna wanki, wani makiyayi yana shayar da tumaki, maza huɗu ko biyar suna buga tubali. Na yi sallama, suka amsa idonsu a kan sandar. Ban tambayi kowa komai ba. Me zan tambaya, ni da ke riƙe da kayan Legas?

Jifan farko na manta ban buɗe ƙarfen da ke riƙe zaren ba, dalmar ta dawo ta daki laka dab da yatsuna. Na yi kamar gwaji nake. A na biyu na tsaya yadda na ga Yaya yana tsayawa a hoto, na ja da baya, na taka uku, na saki da iyakar ƙarfina. Dalmar ta tashi, ta wuce ruwa, ta wuce kacala, ta ɓace. Ban ji faɗawarta a ruwa ba. Sai na gaya wa kaina cewa ruwa mai zurfi ba ya ƙara. (Ban san inda na samo wannan ilimin ba.)

Ban gama gyara tsayuwa ba sai sandar ta lanƙwasa, zaren ya miƙe, injin ya fara kuka yana sakin zare da gudu. Nan take maganar Yaya ta dawo min, cewa idan babban kifi ya ɗauka kada ka fizga, ka bar shi ya gudu ya gaji, sannan ka naɗo a hankali. Na kafa gindin sandar a cikina, na jingina da baya. Ya ja, na saki. Ya tsaya, na naɗo.

A nan ne abin da ban shirya masa ba ya same ni. Hannuna yana daidai inda hannunsa ya goge riƙon sandar har ya yi santsi, ina jin irin nauyin da yake ji. Tun ranar jana'iza ban yi kuka ba, don ni ne namijin da ya rage a gidan. Sai ga hawaye yana zuba, na ji bakina ya ce, "Yaya, ga shi nan."

Mutane suka taru a bayana. Waɗanda ke can gefen tafkin, inda ake hango gaɓa biyun, suka fara dariya har wani yana riƙe ciki. Na ɗauka murna suke taya ni. Na ce wa wani mai tubali ya nemo min buhu, don abin babba ne. Ya tambaye ni wane irin kifi ne, na amsa masa ba tare da shakka ba cewa giwan ruwa ne.

Sai kifin ya yi kukan jaki.

Na ji kukan sarai, amma ban daina naɗowa ba, don zuciyata ba ta yarda ba tukuna. Zaren ya yi sauƙi, yana zuwa, yana zuwa. Can kacala ta buɗe, wani dattijo ya fito ya naɗe wando, yana bin zaren da hannu, jakinsa na biye da shi da mangala a karkace. Ta tsakiyar tafkin suka ratso. Ruwan iyakarsa gwiwar dattijon.

Ashe dalmar a ƙetare ta sauka, ƙugiyar ta maƙale a mangalar jakin yana tsaye ana ɗora masa laka. Ya firgita ya nufi gida, ni kuma ina nan ina gajiyar da shi yadda Yaya ya koya min.

Dattijon ya yi sallama, ya ɗaga ƙugiyar ya ce, "Malam, wannan taka ce?" Na ce tawa ce, Baba. Ya juya jatan landen nan shida yana duba zaren, ya ce, "Ɗinkin dai ya yi kyau." Mai tubali ya miƙo buhun ya tambaya ko jakin zan sa ko Baba Ila, wato dattijon. Har matan wanki suna rufe baki da gefen zane.

Baba Ila bai yi dariya ba, fuskata yake kallo. Ya tambaye ni sandar wa ce, na faɗa masa. Ya ce ya san Sale tun yana zuwa hutu gidan kawunnenmu, kuma ya zo ta'aziyya, ni ne ban gane shi ba. Ya ce Allah ya jiƙansa. Dariyar ta ɗauke, kowa ya ce amin. Wallahi wannan amin ɗin ta fi dariyar yi min nauyi.

Ya ja ni zuwa ƙetare ta cikin ruwan, da farin kaftanina. Ya nuna min inda dalmar ta wuce, bai fi taƙi ɗaya da kansa ba. Na ba shi haƙuri, na durƙusa na taya shi kwashe lakar da ta zube. Da muka gama ya nuna min nasa kayan: karan dawa kafe a laka, zare kamu biyu, 'yar ƙaramar ƙugiya, da tana da ya tono a wurin. A cikin tsohon bokiti tarwaɗa uku suna motsi. Ya ce kifin tafkin nan a gindin ciyawa yake kwana, kusa da ƙafar mutum, ba sai an yi jifa ba. A lokacin ne maganar Yaya ta farko ta zo min. Cewa ya yi kafin mutum ya taɓa sanda, ya fara zuwa ya tsaya ya kalli ruwan, ya tambayi waɗanda ya tarar a wurin.

Baba Ila ya ba ni tarwaɗa biyu, ya ce a gaida Inna. Ya karɓi sandar ya sa ta a bayan gwiwoyinsa, ya buɗa ƙafa, ta rabu kamar ba ita ba.

A hanya na yanke shawarar ba zan yi ƙarya ba, amma ba zan yi bayani ba. Zan ajiye kifi kawai. Ban san labari ya riga ya kai wa Kawu a ƙauyen, har ya buga wa Inna waya ba. Na tarar da Inna zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta dubi kaftanina, ta dubi kifin, ta ce, "Ina jakin?"

Sai ta fara dariya, irin wadda ba mu ji ba tun kafin ciwon Yaya. Ta yi har ta koma kuka, na zauna kusa da ita muka yi tare. Da ta share ido ta ce, "Kai a tsammaninka daga teku Sale yake kawo min kifi? A kasuwar Gujungu yake tsayawa ya saya. Ni na sani, shi ma ya san na sani."

Ta ce ta ci tarwaɗa tun ba a haife mu ba, ba za ta kasa gane ta ba don an naɗe ta a takardar siminti. Ta taɓa tambayarsa abin da yake kamawa a can, ya ce yawanci ba komai, tsayuwar ce take masa daɗi.

Matata ta yi miyar kuka da kifin. Inna ta ci rabin malmala, ta sha maganinta. Ba a rana ɗaya ta dawo daidai ba, amma daga ranar kwano ya daina dawowa a cike.

Sandar tana nan a shagona, da ita nake sauko da kayan da na rataye a sama. Abin da na koya bai da yawa: mutum ya kalli ruwa kafin ya zaɓi sanda, ya tambayi na bakin ruwan ko da kayan Legas ne a hannunsa, idan kuma kifi ya yi kukan jaki ya daina naɗowa. Ranar kasuwar Gujungu nakan rufe shago da wuri in hau babur. In dawo da banda a takardar siminti, in ajiye a gabanta in ce, "Inna, ga na tekunki." Takan ce Allah ya yi albarka, ba ta tambayata komai.