Laimar Jirgin Abdulmalik

Ta bayan katanga Hindatu ta ji hayaniyar. Surukarta Tasalla ce da jikanta Abdulmalik, wanda motar Legas ke jira a tashar Illela. Ya samu aiki a jirgin ruwa na dakon kaya, ya shiga yi wa kakarsa sallama. Ɗan farin Hindatu ne, don haka ta ci gaba da tsinke yakuwarta kamar ba ta ji ba.

"...lahiya lau, amarya. Albarka na zo a sa mini."

"Ban sa wa maƙaryaci. Mi kac ce ke jan jirgin?"

"Inji. Amma akwai wata ƙatuwar laima da ake saki sama da igiya, iska na janta, tana jan jirgi. Sai mai ya yi auki."

"Jirgin da ya ɗara kasuwar Illela, tsumma ka jan shi? Kai da ko akuyata ta kayar da kai?"

"Akuyarki ta ɗauko halinki ne. Kin tuna ran da na goya ki kan mashin zuwa Kalmalo?"

"Ran da kas so kashe ni ka auri yarinya."

"Muna tahiya sannu, gyalenki na ɗan kaɗawa. Da na ƙara wuta fa?"

"Ya tai gonar albasar mutane. Har yau ba ka biya ni shi ba."

"To haka take. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarhinta ba biyu yake ninkawa ba, huɗu ne. Can sama kuma ta hi gudu. Shi ya sa ake tura laimar nesa."

Ya faɗa yana murmushi, yana jiran raddi. Hindatu ta tsayar da hannunta a cikin kwarya.

"In ta ninka ukku fa?" Muryar tsohuwar ta sauka.

"Tara."

"Kuma tsakiyar ruwa. Ba katanga, ba icce."

A nan Abdulmalik ya gane tun safe ba ƙaryata shi take yi ba. So take ya zama ƙarya. Shi kuma ya zage ya tabbatar mata da gaskiyar abin da take tsoro.

"Ana naɗe ta, Kaka. Da iska ta yi yawa, na'ura ke jawo ta ƙasa."

"Wa kake kira Kaka? Yanzu kuma na tsufa?"

"Tuba nake, amarya."

"Tashi, mummuna. Motar ba kakarka ba ce da za ta jira ka."

Tasalla ta rako shi har ƙofar zaure, abin da ba ta yi wa kowa. Ta kwance ƙullin kilishi daga bakin zanenta ta cusa masa a aljihu, ta dafa kansa tana motsa leɓe. Sannan ta ɗaga murya yadda za ta tsallake katanga, don ta san akwai mai saurare da ba za ta iya faɗa da bakinta ba.

"Kada ka jira ta kai tara. Tun tana huɗu ka naɗe tsumman nan ka dawo. Ba ni da wani miji a ajiye."