Ranar da Na Tafa wa Kwalbar Magani

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a kasuwar Maigatari ba, bayan farin nan da ya cinye shanu. Ina aji biyu a sakandare a Gumel, Faransanci ya kumbura mini kai. Malaminmu da tafi yake koyarwa: a datsa kalma gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa tafi ɗaya. Ni kuwa wajen tafi ba ni da na biyu. (Ma'anar kalmomin fa? Wannan sai zango mai zuwa.) Da na je hutu Sule Tankarkar, har awaki sai da suka ji Faransanci.

Saniya ɗaya tak fari ya bar wa ƙanin mahaifiyata, Kawu Jauro, ita ma duk ta rame. Ranar da muka je kasuwar, ya sayi magani a hannun wani ɗan Nijar, rubutun kwalbar duk Faransanci, mai maganin kuma ya shige kasuwa. Kawu ya ja ni tsakiyar 'yan shanu yana shelar ɗansa ya iya yaren Nasaran tsallake. Wayyo daɗi! Mutane suka yi da'ira, na gyara hula, na danƙa wa Kawu kwalbar don hannuwana su samu sarari.

"Me-lan-je!" Tafi uku ras. Har na ƙara musu da bayanin cewa harafin ƙarshe ba a furta shi. Wani ya ce Masha Allah.

Kawu ya ce, "To ɗana, sha za ta yi ko shafawa?"

Maimakon in ce ban sani ba, sai na ƙanƙance ido na ce a ɗura mata.

Wani tsoho mai sayar da igiya, mutumin Damagaram da ya yi soja a can, ya miƙo hannu ya karɓi kwalbar ya duba. Bai tafa ko sau ɗaya ba. Ya ce kalmar tawa nufinta a gauraya: maganin kaska ne, a gauraya da ruwa a wanke saniya. In ta sha, kafin la'asar sai dai a nemi mai jimar fata.

Kawu bai zage ni ba. Kwalbar kawai ya cusa can cikin aljihu, nesa da ni. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Saniyar ta rayu har ta haihu uku, ni kuwa na samu suna: Melanje. Tun ranar na gane "ban sani ba" gaɓa huɗu ce kacal, kuma ba ta taɓa kashe saniyar kowa ba.