Baƙuwar da ke Ƙarƙashin Gadon Kaka

"Lafiya lau na tashi, sai da na ga fuskarki ciwon bayana ya dawo."

"Madalla, Tsohon Agogo. Ni ma da na ji tarinka na san ba yau za a raba gado ba."

Haka suke gaisawa kullum, Kaka da jikarsa malamar makaranta, wadda yake kira 'Yar Gilashi. Sai dai yau dariyar Kaka iyakarta leɓe. Ya same ta a falo tsaye gaban ɗan akwatin waifai, ta haɗe gira tana latsa waya. Wai ta duba jerin na'urorin da ke shan intanet ɗin gidan ta ga biyar, alhali huɗu ta sani: wayarta, kwamfutarta, talabijin da wayar babanta. Ta biyar ko suna babu, sai wasu lambobi barkatai.

Kaka kuwa ya san ta biyar sarai, tana ƙarƙashin gadonsa lulluɓe da bargo. Mutumin nan shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo, ya kuma yi goma yana zagin kwamfuta, farantin malalata yake ce mata a gaban kowa. Sai ga shi watan jiya wani abokinsa ya ba shi wata tsohuwar kwamfuta, ya nuna masa bidiyon da samari ke buɗe cikin agogo. Shi ke nan, tsoho ya kamu. Ya faki ido ya kwafe kalmar sirrin waifai daga gindin akwatin, kuma a tunaninsa in ya rufa wa abu bargo ba mai ganinsa. In yarinyar nan ta gano, ya san har ya koma ga Allah dangi ba za su bar shi ya sha ruwa ba.

"Samarinki ne," in ji shi, yana gyara zama a kujera. "Sun gaji da tsayuwa a ƙofa, sun biyo ta waya."

"Waɗanda ka kora da labarin ƙuruciyarka? Ai ko unguwar nan ba sa bi yanzu."

"To aljanu ne. Na gidan nan ma sun waye, ke ce kawai kika rage."

"Aljanin da nake gani yana zagaya gidan nan ɗaya ne, haƙoransa shida."

"Bakwai. Ki gyara gilashinki."

Ba ta kula shi ba. Ta kashe talabijin, jerin ya koma huɗu. Ta rufe kwamfutarta, ta leƙa ɗakin babanta ta sa ya kashe tasa wayar. Aka bar wayarta da baƙuwa, suna zaune abinsu. Kaka ya shiga kawo shawara iri-iri, wai akwatin ne ya tsufa, wai shi ma lissafi ya fara kuɓuce masa, a cire shi daga wuta ya huta kwana biyu. Ta ce ba kowane tsohon abu ne ke ruɗewa kamar wani da ta sani ba.

Can sai ta ɗauki mayafi. Ta ce ta gane, telan da shagonsa ke manne da katangarsu ne, kuma yanzu za ta je ta faɗa masa a gaban masu kawo ɗinki cewa sata ba sai da tsallaka katanga ba.

Nan fa wasa ya ƙare wa Kaka. Telan nan bawan Allah ne, kullum sai ya leƙo ya gaishe shi, ko allura bai taɓa ɗauka ba sai da izini. A ce an ci mutuncinsa a bainar jama'a saboda tsoho na jin kunya? Zuciyarsa ta ƙi.

"Dawo nan, sarkin bincike. Je ki ɗaga bargon da ke ƙarƙashin gadona."

Ta shiga, ta fito rungume da tsohuwar kwamfuta mai zafi kamar an sauke ta daga murhu. Tana buɗewa sai ga hannun wani saurayi a allon ya tsaya cak, riƙe da hantsaki a kan cikin agogo. Ta dubi allon, ta dubi Kaka, ta sulale ƙasa tana dariya har gilashinta ya faɗo.

"Ba kallo nake ba," in ji Kaka, yana duban silin. "Kurakuransa nake ƙirgawa. Yaron ko riƙon hantsaki bai iya ba."

"A farantin malalata?"

Ya roƙe ta da girman Allah kada maganar ta fita daga falon. Ta share hawaye ta ce ta yarda, amma da sharaɗi ɗaya: ya faɗa da bakinsa, a fili, cewa kwamfuta na da amfani. Ya yi tari, ya gyara hula, ya nemi a bar shi zuwa gobe. Ta ɗaga waya ta ce lambar gwaggonta za ta fara kira.

"To, na faɗa. Tana da amfani," in ji Kaka, dariya na cin ƙarfinsa. "Naki ne dai shekara ashirin da shida ina nema ban gano ba. Matso ki kunna min, yaron bai gama ɓarnar ba."