Yadda Ake Narkar da Shuɗi a Tsohuwar Kwamfutar Suruki

Kai mai tsara shafukan intanet, wanda surukinsa ke ce wa baƙi "wai aikin kwamfuta yake yi" da muryar da ake ba da labarin rashin lafiya, matso kusa. Ka yi wa shagon kujerunsa shafi don ya daina yi maka wannan kallon. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin launinka zai fito a kowace burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, har wadda ta girme ka.

Mataki na 1: Fara da taƙama

Sa wa goshin shafin launin nan na zamani, shuɗi mai duhu a sama yana narkewa a hankali har ya zama fari a ƙasa. Rubuta sunan shagon da lambar waya da farin rubutu a kan shuɗin. Duba a wayarka, ka nuna wa matarka, ka ce, "Yau Baba zai san wa ya ba 'yarsa." Kada ka gwada a ko'ina kuma. Gwaji na matsorata ne.

Mataki na 2: Je ofishinsa

Kwamfutar tana can ƙuryar shagon, an lulluɓe ta da ragowar yadin kujera. Tun ranar da aka fito da ita daga kwali ba a taɓa sabunta burauzarta ba. Ba ta san sabon salon rubuta launi ba, kuma halin tsohuwar burauza ke nan, abin da ba ta gane ba sai ta tsallake shi ko sallama babu. Shuɗi ya ɓace, farin rubutu ya zauna a kan fari.

"Ina sunana?" in ji Baba, yana gyara tabarau. "Ko rufe min shagon ka yi?"

Kafintoci biyu za su leƙo su ga abin da ya faru. Yi musu murmushi.

Mataki na 3: Kada ka ce a sabunta ta

Na san wani sakarai da ya ce, "Baba, ai burauzar ce ta tsufa." Dattijon ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Tsufa laifi ne a gidanku?" Har yau daga bakin ƙofa yake gaisuwa. Kai dai ka sunkuyar da kai ka ce, "Kuskurena ne, Baba."

Mataki na 4: Lallashe ta

Buɗe fayil ɗin da ke yi wa shafin kwalliya. A layin farko sa shuɗi zalla, wanda ko makauniyar burauza za ta gane. A ƙarƙashinsa rubuta launin da tsohon salo, ka maimaita wa kowane dangin burauza nasa, da laƙabinsa manne a gaba, don dukansu masu son a kira su da sarauta ne. Sabon salon shi ne na ƙarshe. Layi ɗaya ya zama biyar, ilimin shekara huɗu ya ƙare a yi wa akwati fadanci.

Mataki na 5: Juya launin

Wannan za ka yi shi ko ban ce ba. Sabon salo yana faɗin inda launi ya nufa, tsohon kuwa inda ya taso yake son ji. Kai da gaggawarka za ka kwafi "ƙasa" ka zuba musu duka. Sai shuɗin ya taso daga ƙasa, fari ya haye sama, sunan Baba ya sake ɓacewa, wannan karon a gaban amininsa da ya kira musamman ya zo ya gani.

"Wannan ne mijin 'yar tamu?" in ji aminin.

"Shi ne," in ji Baba.

Haɗiye kunyar, ka koma ka mai da tsofaffin layukan "sama".

Mataki na 6: Karɓi yabo

Rana ta uku shuɗin zai narke tsaf, suna da lamba su fito raɗau. Tsaya a gefe, hannu a baya, zuciya fal murna. Baba zai daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki waya ya kira matarka.

"Uwata, shafin ya fito. A'a, ba shi ba ne. Ashe zafi kwamfutar ta ɗauka, jiya na sa aka kawo mata fanka. Mijin naki dai ya yi ta danne-dannensa, Allah ya ba shi sana'a."

Ka ce amin, da ƙarfi, don kafintocin suna saurare.

Gargaɗi: Launi na yi maka alkawari, kuma ya fito. Mutunci a idon suruki ba ya cikin abin da na ɗauka, kada wanda ya zo min da kuka. In matarka ta tambaye ka ko da gaske fankar ce, ni ba na wurin.