Murfin Jarkar Mama Tabita

Na ga rikici a Kafanchan ba sau ɗaya ba, kuma ban taɓa gudu ba. Shi ya sa ranar Lahadin da dattawan unguwa suka zauna a rumfar bammin Mama Tabita don zaɓen shugaban 'yan sintiri, na zo da sabuwar riga. Aikin nake so.

A makon nan gari ba daɗi. Ko babur ya wuce da gudu sai kowa ya ajiye ƙwarya.

Na hango jarkar bammi a rana, murfinta a sake. Na tashi na murɗe shi da duk ƙarfina.

"Bar shi ya yi numfashi," in ji Mama.

"Mama, tsaro ba ya son sakaci," na ce. Dattawa suka gyaɗa kai.

Baba Ayuba, babbansu, ya miƙe yana yabona. Ya kai inda na goyi wata tsohuwa na ƙetare rafi da ita, sai muka ji tau!

"Sun zo!" Bakina ne ya faɗa. Na ture Baba, na tsallake benci biyu, na kwanta bayan tukunyar farfesu. Rumfa ta yi tsit. Ina jiran harbi na biyu, sai murfin jarkar da na murɗe ya gangaro gaban hancina, kumfa na binsa.

Baba ya tashi yana kakkaɓe riga. "Kwamanda, mutum nawa muka rasa?"

Wani tela aka ba aikin. Har yau in na shiga rumfar, Mama takan ɗaga murya: "Ku buɗe kwalba a hankali, Kwamanda ya zo."