Rasuwar Ta-Gwangwani a Fagge

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, ni Ari ɗan Goni, tela a Fagge, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar shukar nan da muke kira Ta-Gwangwani, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a bakin tagar ɗakina.

Marigayiyar baƙuwa ce a Kano. Abokina Celestine, akawun tashar jirgin ƙasa mazaunin Sabon Gari, shi ya samo ta wurin wani Kwara, Balarabe mai sayen gyaɗa. Da zai tafi hutu garinsu ya damƙa mini ita amana, ya ce, "Malam Ari, ba ta son ruwa. Sai ƙasarta ta bushe ƙarau."

Mai haƙuri ce, mai kunya. Ganyenta masu kauri sun zagaye juna kamar saƙar faifai, bakinsu ja-ja kamar an sa musu lalle. Duk zamanta a gwangwanin madara, ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya.

Ciwon ajalinta tausayi ne. Mahaifiyata Hajja ta dube ta ta ce, "Haba Ari, baƙuwa a gidanmu da ƙishirwa? Ai mutanen Sabon Gari sai su ce rowa gare mu." Tun daga ranar, ragowar ruwan alwalarta a gwangwanin yake ƙarewa. Matata Huseina, ba da sanin Hajja ba, takan ƙara da ruwan wankin shinkafa. Maƙwabcinmu Sammani ya ga ta fara rawaya, ya ce ƙishi ne, ya juye mata rabin buta. Ta kumbura, ta yi laushi. Da na taɓa ta, sai ta ce "fus", ta zube. Wannan ita ce maganarta ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe.

Ta bar gwangwani mai tsatsa, da tsofaffi masu rantsuwa cewa alheri suka nufa, da ganye guda maraya da ya fara fitar da saiwa. Na ɓoye shi a wurin da Hajja ba ta sani ba.

Za a binne ta ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin garun bayan gida. Ba za a yi mata wanka ba, ta sha isasshe. Ana roƙon jama'a su zo a kan lokaci su watse da wuri, domin Celestine yana cikin jirgin Asabar.