Rasuwar Uwar Surutu, Wadda Ta Tashi Sama da Albishir a Bakinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuya mai ciwo saboda ɗaga kai, tsoho mai gyaran laima na ƙarshen layi yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan ciniki rasuwar 'yar rediyonsa, wadda matarsa ta raɗa wa suna Uwar Surutu. Ta rasu ranar Asabar da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, tana da shekara ashirin da uku, a cikin duron ruwan mai wanki, bayan gajeriyar tafiya ta sama.

Marigayiya ba ta fi tafin hannu girma ba. Batir biyu ne abincinta, in suka yi sanyi aka shanya mata su a rana, takan karɓa ba ƙorafi. Ta yi zamanta a jikin ƙusa, tsakanin laimomin da masu su suka manta da su. Ba ta taɓa fitar da maganar gida waje ba, ta wajen take shigowa da ita. Aibinta ɗaya ne: gajeren kunne. Tashar gari kawai take ji. In an murɗa ta gaba, sai "shhhh", kamar an ɗiga ruwa a tafasasshen mai.

Wannan bai dami kowa ba, sai ranar da autar tsohon, wadda ke aure a gari mai nisan kwana biyu a mota, ta bugo waya. Ta ce ta aika masa gaisuwa ta gidan rediyon garinsu, za a karanta Asabar ɗin ƙarshen wata, kuma a ciki akwai albishir da ba za ta faɗa a waya ba. Shekara saba'in tsohon yana jin ana gaishe da direbobi da teloli ta iska, bai taɓa jin an ambaci mai gyaran laima ba. Nan take ya yi mata alkawari zai ji da kunnensa.

Daga nan jinya ta fara. Tsohon a aji uku ya tsaya, amma ya daɗe da gane cewa muryoyi kamar tsuntsaye suke, suna ta yawo a sama, wurin sauka kawai suke nema. Ya buɗe bayan marigayiya, ya tarar da wata baƙar sanda naɗe da waya siririya kamar gashi. Ya warware jar waya daga matacciyar fanka, ya ƙara mata naɗi arba'in. Da ta farfaɗo, sai ta kamo wani mutum yana jero kalmomi cikin harshen da ba wanda ya sani a layin. Tsohon ya saurare shi kwana uku, ya tabbatar mutumin kirki ne mai fama da mura.

A aiki na biyu ya ɗaura mata waya a jikin bututun famfo. Murya ta ƙaru, sai dai duk lokacin da uwargida ta buɗe ruwa, marigayiya takan yi gurnani. A na uku ya koma ga abin da ya sani: ya hau saman bene da ƙarafan laima guda takwas, ya buɗe su, ya haɗa da eriyarta. A ranar aka fara jin garin auta, can ƙasa-ƙasa, kamar mai magana daga cikin rijiya.

Da an tsaya a nan, da yanzu tana raye. Amma ranar Juma'a tsohon ya ɗaga kai daga shagonsa, ya hango laima tsirara a saman gidansa, masu wucewa suna kallo. Tun da yake, laima ba ta taɓa barin hannunsa babu riga ba. Kunya ta kama shi. Ya ɗinka mata yadi mafi kyau a shagon, ɗinki biyu-biyu, sannan ya rataye marigayiya a mariƙin laimar don muryar ta sami gajeriyar hanya.

Ranar Asabar ta yi gyaran murya, ta ce: "Krrr... saƙo na gaba... zuwa ga babana, mai gyaran laima, ina yi maka albishir..." Sai iska ta taso. Laima ta yi abin da kowace laimar kirki za ta yi. Tsohon yana son a shaida cewa ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Haka marigayiya ta haye layin, rataye a laima, tana magana, tsohon na binta da ido, baki buɗe. Tela ya ji ta ce "jika". Wanzami ya rantse ya ji "sunanka". Mai faci, wanda ta bi ta kansa, ya ji "biyu", amma injinsa ya cinye sauran. Kalamanta na ƙarshe, a shaidar mai wanki, su ne "bul, bul, bul".

Ta rasu ta bar batir biyu, suna shanye a rana har yanzu. Da ƙanwarta tocila, wadda suka yi shekaru suna karɓa-karɓar abinci. Da fankar da ta ba ta waya. Da laima, wadda ke maƙale a kan bishiyar maƙwabci cikin ƙoshin lafiya. Ta kuma bar tsohon cikin lissafi: 'yan biyu ne, haƙori biyu ne, ko wata biyu ya rage? Auta ta bugo sau uku ta ji ko saƙo ya iso. Sau uku yana aika uwargida ta ce yana cikin makoki, domin ba zai ce bai ji ba, ba kuma zai yi wa 'yarsa ƙarya ba.

Za a yi zaman makoki ranar Laraba da ƙarfe huɗu a ƙofar shago. Daga nan a sa marigayiya a kwalin takalmi, a kwantar da ita a aljihun tebur na ƙasa, kusa da tsofaffin mariƙan laima. Ba a buƙatar kuka, kuma kada kowa ya zo da sabuwar rediyo. Abin da ake roƙo shi ne, duk wanda wata kalma ta faɗo a tsakar gidansa ko rumfarsa ranar Asabar, ya taho da ita a haɗa, kafin auta ta sake bugowa.

Wanda ya ji abin da ya biyo bayan "biyu", an keɓe masa kujera mai jingina.